Iskar da Ba Ta Isa Bakin Jakhama: Yadda Wani Wurin Fasa Dutse a Jos Ya Rage Shan Wuta

Wurin da kayan aikinsa, kafin 2024

Wurin fasa dutse ne a bayan garin Jos, irin waɗanda tifofi ke jerin gwano a bakinsu tun da sassafe suna jiran lodin tsakuwa. Mai wurin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, harkar gine-gine ce ta kai shi ga dutse. Aikin kullum bai sauya ba: a huda dutse da jakhama, a cusa nakiya, a tayar, a kwashe a kai wa injin niƙa.

Jakhama huɗu ce ke hudar, kuma iska ce ke tuƙa su. Iskar tana fitowa daga kwamfaresa biyu, wato injinan matse iska, masu aiki da lantarki, kowacce kilowat 75, an ajiye su a rumfar kwano dab da injin niƙa. Daga rumfar sai tanki ɗaya, sai bututun ƙarfe mai faɗin inci 2 da ya gangara cikin ramin. A ƙarshensa masu huda ke jona tiyonsu.

Da farko kwamfaresa ɗaya ce, tana kuma isa. Amma dutse ci ake yi, kullum fuskar aiki tana ƙara nisa da rumfa. Duk lokacin da ta matsa, sai a yi waldar wani guntun bututu, ko a ƙara tiyo a kan tiyo. Zuwa ƙarshen 2023 tsawon bututun ya kai kusan mita 350, jakhama ta fara sanyi, masu huda suka fara ƙorafi. Su kuwa da ƙafa ake biyansu, iya zurfin da mutum ya huda iya kuɗinsa, don haka ba sa ɗaukar raunin iska da wasa. Kalma biyu suke jefa wa yaron da ke kula da injinan: “Ƙara iska!” Shi kuma sai ya murɗa saitin sama. Haka aka yi ta hawa daga bar 7 har bar 8.5, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iska. Da hakan bai wadatar ba aka sayo kwamfaresa ta biyu.

Akwai abin da Jos kanta ta ƙara wa matsalar. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, iskar sararinsa ta fi ta Legas sakayau da fiye da kashi 10 cikin 100. Kwamfaresa mai zuƙar mita kubik 13 a minti za ta zuƙi wannan adadi a Jos, sai dai iskar da ke cikinsa ba ta kai nauyin ta bakin teku ba. Lissafin da ke takardar injin ba ya cika a nan.

Helman wurin dattijo ne da ya fara aiki yana matashi a filayen kuza na wajen Bukuru, inda ruwa da famfo ke yin aikin, wuta kuma ta tashar lantarkin ruwa ta Kurra ce da aka kafa tun zamanin Turawa musamman don ma'adinai. Ya san famfo ciki da bai. Iska kuwa, shi da sauran ma'aikata sun ɗauke ta kamar kyauta, tunda ba a sayenta a jarka.

Afrilu 2024: takardar kuɗin wuta

Ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Wurin yana kan irin wannan layi. An ɗan sassauta zuwa naira 206.80 a Mayu, aka mayar 209.50 a Yuli, amma duk da haka kuɗin ya ninka kusan sau uku.

Mitar wuta ɗaya ce ga wurin gaba ɗaya, ba wanda zai iya cewa ga rabon injin niƙa, ga na kwamfaresa, ga na ofis. Kowa ya ɗora laifin a kan injin niƙa saboda shi ne mai ƙara da ƙura.

Mayu zuwa Yuni: abubuwa uku da aka gwada

Alhaji ya fara da umarni: a kashe kwamfaresa ɗaya. Aka kashe. Kafin azahar jakhama huɗun suna buga dutse kamar ba sa so, ramukan da ake gamawa a yini suka koma yini da rabi. A cikin makon yaron injin ya riƙa kunna ta biyun a ɓoye in Alhaji ya bar wurin, helma yana gani yana kau da kai. Ranar da aka rasa dutsen ba injin niƙa, tifofi suka juya babu lodi, Alhaji da kansa ya janye umarnin.

Sai wani mai sayar da kayan lantarki ya kawo akwatin da ya ce yana rage shan wuta. Kafasito ne a ciki. Irin wannan akwati yana da amfaninsa, yana sauƙaƙa wa taransifoma da wayoyi nauyi, amma ba ya rage aikin da moton kwamfaresa ke yi wajen matse iska, kuma wannan aikin ne mita ke ƙirgawa. Takardar wata mai zuwa ta zo kusan yadda take.

Na uku, aka yi hayar kwamfaresa mai tayoyi mai shan gas, aka ja ta kusa da fuskar dutse. Nan take jakhama ta farfaɗo, masu huda suka ji daɗi. Sai dai litar gas a lokacin ta haura naira 1,000, ga kuɗin haya, aka ga an gudu ba a tsira ba, aka mayar da ita bayan mako biyu. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ƙaramar kwamfaresa guda a kusa ta yi abin da manya biyu a nesa suka kasa.

Yuli: aune-aune

Wani injiniya da ke yi wa wurin sabis ne ya nemi a ba shi mako biyu, kada a saye komai sai mitar wuta ƙarama da geji biyu na auna matsin iska.

Ya ɗaura mitar a layin rumfar kwamfaresa kaɗai. A ranar aiki ta awa 10, injinan biyu suna shan kusan yunit 1,250. A kwana 26 na wata ya haura yunit 32,000, kuɗinsa a farashin Yuli ya doshi naira miliyan 7.

Daga nan ya duba allon kowace kwamfaresa. Allon yana nuna awanni iri biyu: waɗanda injin ya yi a kunne, da waɗanda ya yi yana ɗauke da lodi, wato yana tura iska da gaske. Ta farkon kusan kullum a kan lodi take. Ta biyun kuwa, cikin awa huɗu a kunne, awa ɗaya kacal take turawa, sauran gudun banza ne. Irin wannan kwamfaresa ko ta sauke lodi moto bai tsaya ba, tana ci gaba da jan kamar kashi ɗaya cikin uku na wutar da take ja a kan cikakken lodi, alhali ko numfashi ɗaya ba ta bayarwa. In tanki ƙarami ne, tana ɗauka tana saukewa a kai a kai, shan ya fi haka.

Geji ɗaya ya bari a tanki, ɗayan ya jona a bakin jakhama tana cikin aiki. Na tanki ya nuna 8.5. Na bakin jakhama ya nuna 5. Jakhamar hannu tana son kamar bar 6 kafin ta yi bugu mai kyau. Ke nan bar uku da rabi suna ɓacewa a hanya, kusan rabi a cikin bututun inci 2 mai tsatsa da lanƙwasa, sauran a tiyo. Wani mai huda yana jan tiyo siriri mai kusan mita 60, guntaye uku da aka haɗa, rabinsa a naɗe a gefe ba a ma buƙatarsa.

Gwaji na ƙarshe ranar Lahadi aka yi shi, wurin shiru, injin niƙa a kashe, jakhama duk a ajiye. Aka kunna kwamfaresa ɗaya ta cika layi. Tunda ba mai amfani da iska, kamata ya yi ta sauke lodi ta zauna. Sai ga ta tana ɗauka daƙiƙa 40, ta sauke daƙiƙa 80, ta sake ɗauka, haka dai ba fasawa. Lissafin a fili yake: kashi ɗaya cikin uku na iskar injin guda, sama da mita kubik 4 a minti, yoyo ne kawai. Wannan ya fi abin da jakhama ɗaya ke sha.

Injiniyan ya ɗauki helma da fita, wato mai gyaran bututu, suka bi layin a ƙafa, da bokitin ruwan sabulu da fenti ja. Abin da ƙarar injin niƙa ke rufewa duk mako, ranar ana jinsa daga nesa. Famfon zubar da ruwa na ƙarƙashin tanki an bar shi a ɗan buɗe dare da rana don kada ruwa ya taru, iskar ta share ƙasar wurin tas, ta yi da'ira mai tsabta a tsakiyar ƙura. Mahaɗan tiyo da yawa babu kilif, waya aka murɗa a kai. Sannan suka ci karo da wani reshen bututu da ya nufi tsohon ramin da aka bari shekarun baya, wanda ruwan damina ya cika. Suna tsaye a bakin ruwan suka ga kumfa tana tasowa a wuri guda ba tsayawa. Helma ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Injiniya, ashe kwaɗi muke yi wa fifita.”

Da Alhaji ya zo, injiniyan ya ba shi misali da ramin yoyo guda. Huda mai faɗin milimita 3 a matsin bar 7 tana zubar da kusan lita 11 na iska a daƙiƙa, kuma sai an ƙona kamar kilowat 4 kafin a maye gurbinta. A awa 10, kwana 26, ta haura yunit 1,000, sama da naira 200,000 a wata. Ya ce, “Alhaji, wuraren yoyon da muka shafa wa fenti, manya da ƙanana, sun fi ashirin, ban da na cikin ruwa.” Ya ƙara masa da cewa iska ita ce hanya mafi tsada ta kai ƙarfi ga kayan aiki, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar da kwamfaresa ke sha zafi take komawa tun a cikin rumfa.

Agusta zuwa Satumba: gyara a cikin damina

Ruwan Agusta a Jos yana rage aikin huda, sai aka yi amfani da wannan dama.

Zagayen farko na toshe yoyo bai yi ƙarko ba. Fita ya yanka tsohon tub na taya ya ɗaɗɗaure mahaɗan, ya ƙara waya, saboda ba a ba shi kuɗin kaya ba. Gwajin Lahadi ya nuna sauƙi, amma cikin mako uku yawancinsu sun sake buɗewa. Tiyon da ake ja a kan tsinin dutse ba ya zama da ɗaurin roba. Sai da aka sayo kilif da mahaɗai na gaske da robobinsu, aka yanke tsohon reshen aka toshe shi da walda, aka sa wa tanki famfon da ke zubar da ruwa da kansa ya rufe.

Babban kashe kuɗin shi ne bututu, kuma a kansa aka fi jayayya. Alhaji bai ga dalilin cire bututun da bai fashe ba. Amma asarar matsi a bututu tana bin faɗinsa ne da ƙarfin gaske: in aka tashi daga inci 2 zuwa inci 3, iska iri ɗaya, tsawo iri ɗaya, asarar tana raguwa fiye da sau bakwai. Aka shimfiɗa inci 3 ta hanya mafi miƙewa, aka sa bawul a bakin kowane reshe. An samo tanki na biyu na hannu, aka gwada shi da ruwa tukuna, aka tabbatar bawul ɗin kariyarsa yana aiki, sannan aka girke shi kusa da fuskar dutse a bayan wani tudu inda tsakuwar nakiya ba ta kaiwa. Daga shi kowane mai huda yana jan tiyo mai inci 1 da bai wuce mita 20 ba.

Rumfar ma an taɓa ta. An buɗe gefe biyu, an mayar da bakin zuƙar iska waje ta ɓangaren inuwa, nesa da ƙurar injin niƙa. A da injinan suna shaƙar zafin da su da kansu suka fitar. Ribar wannan ba ta da yawa, kamar kashi 1 cikin 100 ne a duk digiri 3 zuwa 4 da iskar ta yi sanyi, amma kuma kusan ba a kashe komai ba.

Oktoba zuwa Nuwamba: sauke matsi

Sai a nan aka koma kan saitin. Da sabon bututu, geji a bakin jakhama ya haura 7.5, abin da ya fi ƙarfin buƙata, yana ma cinye bakin ƙarfen huda da sauri. Injiniyan bai sauke a tashi ɗaya ba. Kowane mako yana rage kaɗan, kuma ya bar gejin a inda masu huda ke ganinsa da idonsu, da sharaɗin in allura ta sauka ƙasa da 6 su yi magana. Aka tsaya a bar 7 a tanki, 6 da ɗan ɗori a jakhama. Abin da aka sani shi ne kowane bar ɗaya da aka sauke yana rage wutar kwamfaresa da kashi 6 zuwa 7 cikin 100, kuma sauran ramukan yoyon da ba a gano ba su ma zubarsu tana raguwa.

An kuma raba wa injinan matsayi. A da saitinsu ɗaya, suna tashi tare. Yanzu ɗaya ce a gaba, ta biyu ba ta tashi sai matsi ya faɗi sosai, in kuma ta yi 'yan mintuna ba lodi sai ta kashe kanta. Ana musanya su duk mako. Lokacin abinci da sallar azahar, da lokacin cusa nakiya, da tsawon hutun Juma'a, ana kashe duka biyun a rufe bawul ɗin tanki. Dabarar ba sabuwa ba ce. A manyan ma'adinan zinariya da filatinam na Afirka ta Kudu, inda iska ke cin kaso mai tsoka na wutar ma'adini, ana sa bawul da ke rage matsi a ramuka idan lokacin huda ya wuce. Su dai ba sa iya kashewa gaba ɗaya, domin ɗakunan mafaka na ƙarƙashin ƙasa da iskar suka dogara. Wurin fasa dutse na sarari ba shi da wannan takura.

Abu mafi wuya shi ne hana busa jiki. Ma'aikata sun saba in an tashi aiki su cire tiyo su kakkaɓe ƙurar kaya da gashi, da rana kuma su bar shi a buɗe yana hura musu sanyi. Buɗaɗɗen tiyo yana iya zubar da iskar da ta fi ta jakhama. Maganar kuɗin wuta ba ta shige su ba, tunda ba su ke biya ba. Abin da ya shige su shi ne da helma ya yi musu bayanin cewa iska mai matsi tana iya fasa dodon kunne, ta jefa tsakuwa a ido, ƙurar dutsen da suke tayarwa kuma ita ce ke taruwa a huhu. An kafa musu famfon ruwa da rumfar hutawa.

A ƙarshen Oktoba Arewa ta shiga duhu sama da mako guda sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. Wurin ya koma kan janareto. A da janareton ba ya ɗaukar injin niƙa da kwamfaresa biyu tare, sai dai a yi huda da safe a yi niƙa da yamma. A wannan karon ya ɗauki injin niƙa da kwamfaresa ɗaya, aiki bai tsaya ba.

Disamba zuwa Fabrairu 2025: koma baya

Da hunturu ya kankama, shan wuta ya fara hawa a hankali, kwamfaresa ta biyun ta dawo tashi kusan kowace safiya. Dalili biyu aka samu. Ƙurar hazo ta toshe filtar zuƙar iska tun kafin lokacin canjinta, injin yana wahala yana ba da iska kaɗan. Yoyo kuma ya dawo, domin rani lokacin aiki ne tuƙuru, tiyo na shan ja, kilif na sassautawa, an kuma daina gwajin Lahadi tun da injiniyan ya rage zuwa.

Aka ɗora wa fita alhakin layin da sunansa. Duk Lahadin farkon wata zai yi gwajin daƙiƙoƙi ya rubuta a allon rumfa, duk safiya yaron injin zai rubuta lambar mita da awannin lodi, filta kuma a hunturu ana duba ta duk mako. Alhaji ya yanka wa su biyun ɗan alawus da ke tsayawa in yoyo ya wuce kashi 10 cikin 100.

Maris 2025: inda aka tsaya

Rumfar kwamfaresa tana shan kusan yunit 750 a rana maimakon 1,250, ragin kashi 40 cikin 100. A wata ragin ya kama yunit 13,000, sama da naira miliyan 2.5 a farashin 209.50. Zurfin da ake hudawa a yini ya ƙaru, masu huda suna tashi da kuɗi fiye da da.

Me ya yi aiki, kuma don me

Umarnin Alhaji na watan Mayu daidai ne, lokacinsa ne bai yi ba. Kwamfaresa ɗaya ta isa jakhama huɗu, abin da ba ta isa ba shi ne jakhama huɗu haɗe da yoyo da ƙunƙuntaccen bututu. Raunin jakhama da tsadar wuta ciwo ɗaya ne, kuma maganin da aka yi ta ba na farkon, wato ƙara matsi da ƙara inji, shi ya hura na biyun. Da an fara sauke matsi kafin a canja bututu, da an sake faɗawa rikicin Mayu, kuma da masu huda ba su ƙara yarda da wata dabara ba.

A ganina, a cikin kayan da aka saya, gejin bakin jakhama ya fi kowanne aiki duk da shi ne mafi araha. Shi ya raba gardama tsakanin mai biyan wuta da mai riƙe da tiyo, domin kowa na iya karanta allura. Bututun inci 3 shi ya buɗe ƙofar sauke matsi, amma yawancin yunit ɗin da aka ceto daga toshe yoyo da kashe inji na biyu suka fito. Akwai ma abin da ya ci wani ɓangare na ribar: jakhama a bar 6 ta fi shan iska a kan lokacin da take bar 5, sai dai tana gama rami da wuri.

Akwatin kafasito da kwamfaresar haya sun faɗi ne saboda an kawo su kafin a auna komai. Ta hayar ma ta nuna amsar a fili, cewa nisa ne ke cin iskar, ba a dai karanta ba. Koma bayan hunturu kuma ya nuna gyaran yoyo ba ya zama sai da mai shi, shi ya sa nake ganin alawus ɗin fita ya fi cancantar a kira shi kuɗin gyara da a kira shi kyauta.

Yanzu masu sayar da kaya suna tallata wa Alhaji kwamfaresa mai sauya gudu gwargwadon buƙata, wadda ba ta gudun banza. Tana da amfani a inda buƙatar iska ke hawa da sauka, kuma wurin nan haka yake. Amma da an saye ta a Yunin 2024, da girman yoyo aka auna ta, a sayo babba mai tsada ta riƙa ciyar da ramin ruwa. Tana kuma son wuta mai tsabta da rumfa mara ƙura, biyun kuwa ba su samu a nan ba tukuna. Injiniyan ya ba da shawarar a jira littafin yaron injin ya cika shekara, damina da rani, kafin a zaɓi girmanta, kuma a fara kashe kuɗin a kan huda da ruwa, tunda har yanzu a bushe ake huda kuma takunkumin hanci kaɗai ne tsakanin masu huda da ƙurar.